Furanni Huɗu na Yefta

Karo na uku ke nan Radoye yana kashe rediyon bas ɗin, karo na uku kuma fasinjoji suna yi masa ca.

"Direba, kunna mana! Haba, yau ɗin ma?"

Wata mata ce da jakar kabeji a cinya, ta doshi sittin, idanunta sun yi ja wur. Ya dube ta ta madubi, ya miƙa hannu ya kunna. Busar saksofon ta sake cika motar, doguwar busar nan da ke farawa can ƙasa kamar mutum na gyaran murya, ta yi ta hawa har ka ji numfashinka ne ke ƙarewa, ba na mai busar ba. Tun jiya da la'asar abin da duk tashoshin birnin Nish ke sakawa ke nan. Yefta, mai busar nan, ya rasu. Zuciyarsa ce ta tsaya yana ɗaure igiyar takalmi a ƙofar gidansa, yana da shekara sittin da takwas. Mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana hura ƙarfe a gaban dubban jama'a, ko sau ɗaya bai taɓa neman kujera ba.

"Ƙasa ta yi masa sauƙi," in ji wani dattijo a bayan direba. "Ni dai ban taɓa son hayaniyar kiɗan rok ɗin nan tasu ba, amma shi kam ya iya."

"To ka yi shiru mu ji, kawu," in ji matar kabeji.

Radoye ya mayar da ido kan titi. Shi damuwarsa biyu ce, ta biyun kuma ta fi ta farkon nauyi. Matarsa Smilya na kwance a hawa na huɗu na asibiti, sashen masu ciwon zuciya, gobe da safe za a buɗe mata ƙirji a canja wata 'yar ƙofa da ta daina rufuwa. Shekara biyu likitoci na cewa a yi aikin, shekara biyu tana cewa ba wanda zai feɗe ta kamar kaza. 'Yarsu Tiyana ta yi kuka ta waya daga Jamus har ta gaji. Radoye ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi gaba ta kwana uku, duk a banza. Sai a watan Janairu aka manna takardu a gari cewa Yefta zai yi wasan cika shekara arba'in da biyar a dandalin cikin ganuwa, ranar ashirin ga Mayu. Radoye ya sayo tikiti biyu, ya ajiye a kan teburin kicin, ya ce, "Ga su nan. Amma ke da ko benen gidan nan ba kya iya hawa, sai ki zauna, ni in tafi da aminina Miladin." Washegari da kanta ta kira asibiti.

Tikitin nan biyu suna cikin gidan tabaranta, a kan durowar gefen gado. Takardar amincewa da aikin kuwa har yanzu ba ta sa mata hannu ba, ta ce sai yau da yamma, sai ta karanta ta tsaf. Duk wanda ya san Smilya ya san ma'anar wannan. Tana iya wayar gari ta ce ta fasa, kuma in ta ce ta fasa, ko shugaban ƙasa ne ya zo ba zai juya ta ba.

Shi ya sa jiya, da jin labarin, Radoye ya garzaya asibiti tun kafin ya samu ya yi nasa kukan. Ya karɓe wayarta da sunan zai kai a canja mata gilashi. Ya kai wa ma'aikatan jinya ƙunshin kofi da cakulan, ya bi matan ɗakin su uku ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a farfajiya, ya zare batiran abin kunna talabijin ya zuba a aljihu. Kwana ɗaya tak yake nema. Ta sa hannu, a yi aikin, ta farfaɗo, sannan duk abin da zai faru ya faru.

Ƙarfe sha biyu ya miƙa motar ga direban rana, ya sauka a bakin kasuwa. Miladin na jiransa a gaban shagon mai burek, gurasar nan mai cuku ko nama a ciki. Shi ne ya tsaya musu shaida ranar aure, tun daga ranar kuma ba su sake kiran juna da suna ba, sai dai kum, yadda ango da mai tsaya masa shaida ke kiran juna a garin. Ya tono rigar fatarsa ta zamanin samartaka ya sa.

"Kum, ka ga idonka kuwa?" in ji Miladin.

"Kai ka ga naka? Wannan rigar kuma ai tare da Yefta ya kamata a binne ta."

"Rufe min baki, ta shige ni."

"Hannuwan sun shiga. Tumbin ne ya rage a waje."

Suka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Miladin ya tambayi jikin Smilya, ya tambaya ko ta ji.

"Ba ta ji ba, ba kuma za ta ji ba."

"Kum, garin nan fa ko karnuka sun ji."

"Ita ba kare ba ce, tana hawa na huɗu."

Suka ratsa ta layin masu barkono da cuku zuwa wajen Yagoda mai furanni, wadda Radoye ya yi shekaru yana saya a hannunta. Bokitanta sun kusa zama wayam, ga jajayen furannin karanfil 'yan kaɗan a na ƙarshe.

"Maƙwabci, na asibiti ne ko na Yefta?"

"Na Yefta. Ba ni huɗu."

"Tun asuba abin da nake ɗaurewa ke nan, biyu, huɗu, shida," in ji ta, tana naɗa zare. "Mutum ɗaya ne ya sayi uku, shi ma laifi ya yi wa matarsa. Ka san ni ma na taɓa tsallake katanga don in ga Yefta? Siket ɗina ya yage har nan. Uwata ta yi min dukan da har yau in hadari ya taso sai na tuna."

Ba ta tambayi dalilin huɗun ba, don ba abin tambaya ba ne. A garin nan ko yaron da bai iya ɗaure takalmi ba ya san mai rai ake kai wa ɗaya, ko uku, ko biyar. Biyu da huɗu da shida na waɗanda suka riga mu ne.

A gaban tsohon zauren matasa aka taru, inda Yefta ya fara hawa dandamali. Ba wanda ya kira taron, mutane ne kawai suka yi ta zuwa. An manna takardun sanarwar rasuwa masu baƙin gefe a jikin kowace bishiya. A bakin ƙofa an jingina babban hotonsa, kumatu a kumbure, ido a rufe, ƙarƙashinsa kyandirori da furanni sun kai gwiwa. Wani ya kunna taba ya soke ta a cikin tukunyar fure don mamacin ya sha. Wani ya buɗe ƙofofin tsohuwar motarsa duka huɗu ya saka kaset. Kai, ka ga tsofaffi! Masu furfura ɗaure a ƙeya, masu sanƙo, masu sanda, likitoci da masu gyaran famfo, duk waɗanda a da suka girgiza ganuwa da tsalle, yau ga su suna neman inda za su jingina baya.

Kwalbar barasar gargajiya, wadda suke kira rakiya, na zagayawa. Kowa ya karɓa sai ya ɗiga kaɗan a ƙasa, ya ce ƙasa ta yi masa sauƙi, sannan ya kurɓa, sannan ya ba da labarinsa. Wani mai ƙafar roba ya ce ranar da aka binne ƙanensa da aka dawo da shi daga yaƙi, Yefta ya zo maƙabarta ba wanda ya gayyace shi, ya tsaya can nesa cikin ruwan sama ya yi busa, ya tafi ko abincin sadaka bai tsaya ci ba. Wata malamar makaranta ta ce sau biyu ta yi aure, duka biyun da busarsa ta yi rawa, busar ce kawai ta ɗore.

Da kwalbar ta zo hannun Miladin sai ya nuna Radoye da ita.

"Kun ga wannan? Yefta ne ya yi masa aure. Shekarar tamanin da huɗu, a cikin ganuwa. Ya sauko daga dandamali yana busa, yadda ya saba, mutane na darewa. Ya zo gaban wata yarinya mai gajeren gashi, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya busa mata ita kaɗai, minti biyu cur. Wannan sakaran na tsaye a gefenta, bai ma san sunanta ba, kishi ya turnuƙe shi. Yefta na wucewa sai ya ce mata, ni ma na iya. Ta ce, me ka iya? Ya ce, durƙuson."

Aka kwashe da dariya, wasu na dariyar suna share hanci. Radoye ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, ba haka ya faɗa ba, sai kaset ɗin motar ya kai daidai wajen busar nan ta ranar. Abin da ya danne tun jiya ya taso masa gaba ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar titi da rigar aiki, ƙato mai shekara sittin da biyu, yana kuka da sauti. Yana kukan Yefta, yana kukan yarinyar nan mai gajeren gashi da yanzu ba ta iya taka matakala goma sai ta huta. Tsoro yake ji, tsoron da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Miladin. Ba wanda ya kalle shi, don rabin titin abin da suke yi ke nan.

Sun shiga layin ajiye furanni, saura mutum kamar goma a gabansu, wayarsa ta yi ƙara. Sista Zorka ce, shugabar masu jinyar sashen, matar da muryarta ke sa majinyaci ya haɗiye magani ko ba ruwa.

"Likita na son ganinka kafin ƙarfe biyu, daga nan zai shiga ɗakin aiki, ba zai fito ba sai yamma. Kana ina ne haka, gidan biki?"

"Wani abu ya faru ne?"

"Ka zo dai."

Ƙarfe biyu saura kwata. Bai ko yi wa Miladin sallama ba, ya fice daga layin, ya tsallaka titi a guje, ya tare bas ɗin wani abokin aikinsa a inda ba tasha. A hawa na huɗu ya isa yana haki, ya ƙwanƙwasa ƙofar likita, wadda ke kallon ƙofar ɗakin su Smilya.

Ashe ba wani abu ba ne. Likitan, wani siriri mai furfura a gefen kunne, haka yake yi wa iyalin kowa kafin aiki. Ya zana masa zuciya a bayan takarda, ya nuna inda za a shiga, ya faɗi awa nawa za a ɗauka, ya ce jikinta zai iya ɗauka yanzu, amma in aka ƙara wata shida ba zai yi alkawari ba. Abin da ya rage kawai sa hannunta, kafin shida na yamma.

"Me ya sami idonka?" in ji likitan.

"Yefta."

Likitan ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shi ma yana aji biyu a jami'a ya sayar da agogonsa don ya bi Yefta da makaɗansa har bakin teku. Sai aka leƙo aka kira likitan.

Radoye ya fito, ya goge fuska da hannun riga, ya gyara murmushi, ya tura ƙofar ɗakin.

Gado huɗu ne a ciki. Na bakin ƙofa na Kaka Leposava ne, 'yar shekara tamanin da ba abin da ke wucewa a farfajiya ba ta gani ba. Smilya na can jikin taga, an tokare mata baya da matasai biyu, tabarau a kan hanci, takardar a kan cinya, biro a hannu, ta ma cire masa murfi.

"Ka zo da wuri, tsoho."

"Na samu mai karɓa ta ne. Ya jikin?"

Ya sunkuya ya sumbaci goshinta, ya ajiye abin da ke hannunsa a kan bargonta don ya cire riga, kamar yadda ya yi duk ranar Allah tun da aka kwantar da ita. Yana cikin zare hannu ɗaya ya ji ɗakin ya yi tsit. Matar gado na biyu ta tsaya da cokali a baki. Kaka Leposava ta yi alamar gicciye.

Ya juya. Jajayen furanni a kan farin bargo, ɗaure da zaren Yagoda. Tun daga kasuwa suke hannunsa, ya yi kuka da su, ya yi gudu da su, ya zauna da su a gaban likita, har hannun ya manta yana riƙe da wani abu.

Smilya ta sa yatsa ta ƙirga su, ta sake ƙirgawa. Sannan ta mayar wa biron murfinsa.

"Me likita ya ce maka?"

"Ba komai, na rantse. Ya ce jikinki zai ɗauka, ya ce..."

"Leposava ta ga shigarka. Minti ashirin, ƙofa a rufe."

"Biyar na saya, tsohuwa. Ɗaya ne ya faɗi a bas."

"Ya faɗi daga cikin ɗaurin Yagoda? Ɗaurin da sai da almakashi?" Muryarta ba ta tashi ba, shi ne ma abin da ya fi tsorata shi. "Shekara talatin da takwas, Radoye, har yau ba ka iya ƙarya ba. Jiya ka ɗauke min waya, gilashinta lafiya lau. Talabijin ya mutu. Matan nan tun safe in na dube su sai su dubi bango. Zorka, Zorka fa, da ko gaisuwa ba ta amsawa, ɗazu ta shafa min kai. Yanzu ka fito daga wajen likita ido kamar garwashi, ka ɗora min huɗu a ƙafa. Ni yarinya ce?"

"Ba haka ba ne."

"Ban ga laifinka ba. Hannunka ne ya faɗi abin da bakinka ya kasa." Ta ninke takardar gida biyu, ta ajiye a kan durowa. "Ɗauko min kayana. In dai tafiya ce, a gadona zan yi ta, ba a kan teburinsu ba."

Ta yaye bargon, ta sauko da ƙafafu tana laluben silifa. Wannan ɗan motsin kaɗai ya sa numfashinta ya fara sama-sama, leɓenta ya canja launi. Radoye ya tsaya da riga rabi a jiki. Kwana ɗaya ya nema, ya bi gari yana toshe bakin kowa, ga shi da hannunsa ya kawo abin da yake gudu, har da ƙari.

"Faɗa mata, ɗana," in ji Kaka Leposava. "Ko ka faɗa ko ni in faɗa. Na gaji da kallon bango, wuyana ciwo yake."

Ya zauna a bakin gadon, ya riƙe mata hannu biyu.

"Ba naki ba ne, Smilya. Na Yefta ne."

"Wane Yefta?" ta ce, kamar akwai wani.

"Jiya da la'asar. A ƙofar gidansa. Daga zauren matasa nake, duk gari na can. Ina kan layin ajiyewa Zorka ta kira ni."

Ta dube shi, ta dubi furannin, ta dubi matan ɗakin, su kuma duk suka gyaɗa kai. Sai wani dogon numfashi ya fita daga ƙirjinta, wata 'yar dariya ta biyo shi.

"Ashe ba ni ba ce."

Tana faɗa ta toshe baki da hannu, kamar ta yi ashar a coci. "Wayyo Allah, me na ce? Murna na yi. Mutumin nan ya mutu, ni kuma murna na yi." Daga nan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba ne, ba ta da numfashin mai ƙara. Kafaɗunta ne kawai ke rawa, hawaye na bin gefen hanci suna taruwa a ƙasan tabarau. Matar gado na biyu ta ajiye cokali ta taya ta. Radoye na riƙe da wuyan hannunta, yana jin bugun na tsalle, yana addu'ar da ya manta rabonsa da ita.

Da ta lafa ta tambaya mene ne ya kashe shi. Ya so ya ce hatsari, ya tuna an riga an gaya masa matsayinsa a ƙarya.

"Zuciya."

"Ka gani ko." Ta cire tabarau, ta buɗe gidansu, ta ga tikitin nan biyu, ta mayar ta rufe ba ta sa tabaran a ciki ba. "Mutum mai huhu kamar na doki. In tasa ta tsaya, tawa wannan ragowar fa? To in tashi in yi me, tsoho? A fasa min ƙashi, a ɗinke ni da waya, in yi wata uku ina koyon tafiya, don in je ina? Ɗauko min kayan dai."

Radoye mutum ne da fasinja zai zage shi tun daga tashar jirgi har ƙarshen layi bai tanka ba. Amma yau an riga an fasa shi tun a titi.

"Don ki je ina?" Ya miƙe. "Ni fa? Ni kujera ce a gidan? Shekara biyu ina bin ki, kin ƙi. Na ajiye takarda biyu a kan tebur, washegari kin ɗauki waya. Kin san yadda na ji? Na yi murna, na kuma shiga banɗaki na zauna kamar an mare ni. Don mai busa za ki yarda a yanka ki, don ni ba za ki yarda ba. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, yau na yi masa kukan da ban yi wa ubana ba. Amma minti biyu ya durƙusa miki, Smilya. Minti biyu!"

"Rage murya, asibiti ne," in ji Kaka Leposava, amma ta gyara kwanciya don ta ji da kyau.

Smilya ta ɗago tana kallonsa da kumburarrun idanu.

"Ka taɓa cewa don kai?"

"Me?"

"Shekara biyun. Likita ya ce. Tiyana ta ce. Matar Miladin ta ce ƙanwarta an yi mata ta warke. Ka kawo min takardu, ka kawo min lissafin mutum nawa ke tashi cikin ɗari. Ko sau ɗaya ka taɓa buɗe bakin nan ka ce, Smilya, ki yi don ni?"

Ya bi shekara biyun a kansa yana nema, bai samu ba.

"Ai kin sani."

"Na san farashin albasa ma."

Ya koma ya zauna. Ya kalli hannuwansa, manya, duk kanta saboda sitiyari. Maganar ta fito masa can ƙasa, da ƙyar matar gado na biyu ta ji, ta kuwa kasa kunne iya ƙarfinta.

"Ban san yadda ake zama a gidan nan ba ke ba. Kwana tara ke nan a kicin nake barci, a kan kujera, don ba na iya shiga ɗakin. Tsoro nake ji. Ki yi don ni."

Ta juya kai. Ta daɗe tana kallon taga, inda ba abin gani sai rufin ɗakin wanki da tattabaru. Can ƙasa a titi wata mota ta wuce da gilashi a buɗe, busar ta hawo har hawa na huɗu, ta yi nisa, ta ɓace. Smilya ta share fuska da gefen bargo, ta mayar da ƙafafunta kan gado a hankali.

Ta jawo furannin. Zaren ya ƙi kwancewa, sai ta sa haƙori ta tsinke shi. Ta zare guda ɗaya ta soka a kofin ruwanta, ta miƙa masa ukun.

"Wannan nawa ne. Waɗannan ka kai masa."

"Uku ne, tsohuwa. Ba a kai wa mamaci uku. Sai in biya wajen Yagoda in..."

"Kada ka ƙara ko ɗaya. Huɗun ni zan kai masa da ƙafata, ranar arba'in. Kafin nan a wajena bai tafi ba." Ta mayar da tabarau kan hanci, ta ɗauko takardar, ta buɗe ta, ta shafe ninkin da tafin hannu. "Ina biron ya shiga?"

Yana ƙarƙashin cinyar Radoye. Ya zaro ya ba ta. Ta sa hannu a hankali, cikakken suna, yadda take yi a ofishin fansho, ta hura tawadar duk da ba ta buƙatar hurawa, ta ce ya kai wa Zorka tun kafin ta sake tunani.

Ya kai bakin ƙofa, takarda a hannu ɗaya, furanni uku a ɗayan, rigarsa har yanzu rabi a jiki, ta kira shi.

"Tsoho."

"Na'am."

"Gobe in za ka shigo, ka ƙirga tun daga waje."